Kafin a Duba Bindiga, a Duba Jaka



Idan aka kai masara da dawa rumbu, rake ya fara fitowa daga fadamun Makarfi, ciyawa ta bushe ƙayau, to lokacin mafarauta ya kama a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Daga Paki zuwa Auchan, daga Gazara zuwa Gubuchi, daga Hunkuyi zuwa Likoro, sai ka ji ganga tun da asuba, ka ga mota ta cika maƙil da samari da dattawa da karnuka. Duk wanda ya tsaya kallo, idonsa a kan abu biyu yake, ko bindigar toka da ke saɓe a kafaɗa, ko layu da guraye da ke jikin mai ita. Da wuya a sami wanda zai kalli jakar da ke rataye a kwiɓin mutum ko a bayansa. Ita nake so mu kalla yau. Abin da nake da'awa shi ne, yawancin abin da zai faru da maharbi a fili, ya samu ko ya kuskure, ya dawo lafiya ko a dawo da shi ranga-ranga, an riga an yanke shi tun daren jiya, a lokacin da yake zuba kaya cikin jakarsa. Don haka ya kamata sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su ɗauki jaka da muhimmancin da suke ba bindiga, har su riƙa dubawa kafin a fita.

Hujjata ta farko daga nesa zan ɗauko ta, daga wajen mutanen da suka mai da saiti wasan gasa. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun karon farko a birnin Atina a 1896. Amma akwai wani reshe sabo da ya bunƙasa a Amurka, wanda aka kafa masa babbar gasa mai suna Precision Rifle Series a 2012, kuma a 2022 aka yi gasarsa ta duniya ta farko a garin Bitche na ƙasar Faransa. A wannan wasa ba dabba ake harbi ba, faifan ƙarfe ne ake kafawa a nesa, daga kamar mita 300 har sama da mita 1,000. Ana raba filin zango-zango. A kowane zango ana ba mutum kamar sakan 90 zuwa minti biyu ya yi harbi wajen goma, kuma ba a barinsa ya kwanta yadda ransa yake so. Wani zangon a kan tarin duwatsu zai ɗora bindiga, wani a kan tsani, wani ta tagar wata 'yar bukka, wani a kan tayar mota. Harsashin da zai ci mita dubu yakan yi fiye da sakan ɗaya a sama, yana tafe yana sunkuyowa, har faɗuwarsa ta wuce mita bakwai, iska kuma tana ture shi gefe. Saboda haka mai harbin ba ya dogara da ido kaɗai. Yana tafe da na'urar auna nisa, da na'urar auna ƙarfin iska da zafin rana, wadda aka fi sani da sunan Kestrel, da ɗan kati da ya rubuta lissafin kowane nisa, da 'yan matasai masu nauyi da yake ɗora bindiga a kai, da sanda mai ƙafa uku, da madubin hangen nesa, da abin toshe kunne, da ruwan sha. A gasar kwana biyu yakan harba harsashi kusan ɗari biyu. Duk wannan kaya a bayansa yake, daga zango zuwa zango, tun safe har yamma, ga bindigar kanta wadda sau da yawa takan haura kilo 8.

To a nan ne jaka ta zama rabin gasar. Wanda aka ba sakan 90 ba shi da sakan goma na lalube. In aka kira sunansa yana neman katin lissafinsa a ƙarƙashin rigar ruwa, ya shiga fili da zuciya a dagule, kuma hannun mai dagulalliyar zuciya ba ya tsayawa. Shi ya sa gwanayen wasan suka yi ittifaƙi a kan ƙa'ida ɗaya, ko da jakunkunansu sun bambanta: kowane abu yana da gurbi guda, kuma da an gama da shi can yake komawa, har hannu ya haddace wurin ba sai ido ya taya shi ba. Abin da ake buƙata a kowane zango yana aljihun waje ko na sama. Abin da sai sau ɗaya a wuni ake nema, kamar kayan gyara da rigar ruwa, yana can ƙasa. Masu nauyi suna manne da gadon baya, don kada su riƙa fizgar mutum ta baya. Akwai kuma wani ɗan abu da ba ya ƙara wa kowa maki amma ba a yarda a yi yawo a fili ba tare da shi ba, wato 'yar tuta mai launi mai haske da ake cusawa cikin bindiga, domin kowa ya gani daga nesa cewa babu harsashi a ciki. Wanda bindigarsa ta tashi ba da niyya ba, ko bai ji wa kowa ciwo ba, an kore shi daga gasar ke nan.

Kada wani ya ce wannan hikimar Turawa ce. Bahaushe ya san ta tun kafin a ƙera bindiga mai madubi. Ku dubi zabirar wanzami. Aljihu-aljihu ce, aska da gurbinta, ƙaho da nasa, dutsen wasa aska da nasa, kuma wanzamin kirki yana hira da kai yana zaro abin da yake so ba tare da ya sunkuya ba. Ku dubi gafakar malami, wadda aka ɗinka daidai girman abin da za ta ɗauka, ba ƙari ba ragi. Ku dubi kwarin maharbin baka: tsinin kibiya yana ƙasa, gindinta yana sama inda hannu zai kama, don tsinin da aka shafa wa dafi ba abin lalube ba ne. Duk waɗannan tunani ɗaya ne da na ɗan gasar Amurka. Abin da ya faru da mu shi ne, da burgamin fata ya yi tsada, matasa suka koma buhun taki da aka ɗaura wa igiya, ko jakar makaranta da yaro ya gama yayinta, baki ɗaya, ciki ɗaya, komai a zube. Alhali mai bindigar toka ya fi mai bindigar zamani buƙatar tsari. Shi na zamani abu ɗaya yake ɗauka ya sa, harsashi a haɗe. Mai bindigar toka kuwa kafin ya yi harbi ɗaya sai ya taɓa abu huɗu ko biyar, albarushi da tsumma da dalma da sandar ɗuri da ɗan abin da ke tayar da wuta in an ja kunama, kuma kowanne yana da lokacinsa. Wanda ya rikice a tsakiyar wannan jeri, ya manta ya riga ya ɗura ya sake ɗurawa, shi ne wanda bututu ke fashewa a hannunsa. Garuruwanmu ba su rasa dattawan da yatsunsu ba su cika ba ta wannan hanya.

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne rai yake. Cikin kayan maharbi akwai abubuwan da ba sa ga maciji da juna, kuma babban aikin jaka shi ne raba su. Na farko, albarushi da duk abin da ke haifar da tartsatsi. Albarushi ba ya buƙatar harshen wuta, ƙyas ɗaya ta ishe shi. Amma sai ka ga an zuba shi a leda ko a gwangwanin da murfinsa ya saki, an jefa shi aljihu ɗaya da ashana, da laita, da batirin tocila, da mukullai, sannan a hau bayan mota ana ta gwara su a kan hanya mai gargada. Kakanni da suka zuba shi a ƙaho ko a battar fata mai matsattsen murfi sun san abin da suke yi, domin ƙaho ba ya ƙyasta wuta. Na biyu, albarushi da danshi. Yana jan laima, kuma in ya ja, ko dai ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri. Jinkirin ya fi ƙin tashin haɗari, don a wannan ɗan tsakanin ne mutum yake sauke bindiga ya juya bakinta wajen abokinsa, ko ya leƙa ya ga abin da ya hana ta. Gorar ruwa mai yoyo, ko ledar fiya-wata da ta fashe a cikin jaka, ko ma gumin baya da ya ratsa yadi, duk suna iya jawo wannan. Na uku, wanda kusan babu mai kula da shi, dalma da abinci. Dalma guba ce da ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma nuna kanta nan take, taruwa take yi a jiki. Arewa ta ga aikinta a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen ɗari huɗu. Ba na cewa 'yan dunƙulen da ke jakar maharbi za su yi irin wannan ɓarna, amma guba ɗaya ce. Wanda yake ajiye dalma aljihu ɗaya da goro da dabino da ƙuli-ƙuli, ya damƙo wannan ya damƙo wancan ya kai baki, sannan ya dawo gida ya yar da jakar inda yaro mai rarrafe zai zazzage ta, yana shigar da ita gidansa kaɗan-kaɗan. Raba waɗannan abubuwa ba ya cin kuɗi. Aljihu uku ne da batta biyu masu murfi.

Wajen zaɓen jakar kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne son babba. Babbar jaka kiran kaya take yi, sai an cika ta hankali ke kwanciya, kuma duk abin da aka ƙara da asuba, ƙafa ce za ta biya shi da azahar. Masu tafiyar ƙasa da kaya sun daɗe da ƙiyasta cewa abin da mutum zai wuni da shi a baya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa ba. Mai kilo 60 ke nan ya tsaya wajen kilo 12, har da ruwa. Jaka mai maratayi biyu ta fi mai ɗaya, domin mai ɗaya tana karkatar da kafaɗa, tana kuma lilo ta bugi gwiwar hannu daidai lokacin da ake son hannu ya natsu. In tana da ɗamarar da ake ɗaurewa a ƙugu, ta fi kyau, don ƙugu ya fi kafaɗa iya ɗaukar nauyi. A duba ɗinki a inda maratayi ya haɗu da jiki, nan take fara mutuwa. A duba zif, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cinye ƙananan haƙoransa, kuma murfi mai maɗauri ya fi zif daɗewa a dajinmu. A guji mai launin kakin soja ko da ta fi araha a wajen 'yan gwanjo na Sabon Garin Zariya, saboda rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan wannan launi, kuma mai ɗauke da bindiga ba ya buƙatar ƙarin abin da zai sa a tsare shi. Ni a ganina ma, maganin yana hannun dukawanmu. Ƙasar da fatar akuyarta ta yi suna har Turai, wadda take da cibiyar nazarin fasahar fata a Samaru, bai kamata maharbinta ya rasa burgami mai aljihu huɗu da maratayi biyu ba. Baduku ba ya ɗinka abin da ba a tambaye shi ba. Ranar da mafarautan gunduma guda suka je masa da zane ɗaya suka ce guda talatin muke so, zai ɗinka, kuma farashin zai sauko.

Sai abubuwa uku da jakar ɗan gasa ba ta rabuwa da su, tamu kuwa ta fi rasa su. Ruwa na farko. A watan Maris da Afrilu zafin yankin nan yakan doshi digiri 40, kuma ƙishirwa tana taɓa gani da natsuwa tun kafin mutum ya ji jiri. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, shi ya sa ake ƙyashin ɗauka, amma gara a rage wani abu a ƙara ruwa. Na biyu, abin tsayar da jini: bandeji mai tsabta a cikin leda, da ƙyalle mai faɗi, a aljihun da kowa a ayarin ya san wurinsa, domin ranar da za a buƙace shi wataƙila ba mai jakar ne zai buɗe ta ba. Wanda jini ke zuba daga cinyarsa a tsakiyar daji ba ya jiran a kai shi babban asibitin Ikara ko na Makarfi, a mintunan farko ake ceto shi ko a rasa shi. Na uku, abin toshe kunne. Ƙarar bindiga takan wuce desibel 140, kuma a wannan mataki harbi ɗaya yana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. Mun saba ganin tsohon maharbi ko tsohon ɗan bindigar sarki da sai an ɗaga murya yake ji, muna cewa tsufa ne. Sau da yawa bindigarsa ce ta ci kunnen. Maharbin da ke bin sawu yana buƙatar jinsa, wannan gaskiya ne, amma a wajen gwaji, da wajen buga bindiga a hawan sallah ko bikin naɗi inda ake jera harbi, babu uzurin barin kunne a buɗe.

Na san akwai mai sauraro da tun ɗazu ransa yake ɓace. Yana cewa, a wannan zamani da kalmar ɗan bindiga ta zama abin firgita, a yankin da aka shiga masallaci a ƙauyen Saya-Saya na ƙaramar hukumar Ikara a watan Satumbar 2023 aka kashe masallata, me ya kawo zancen gyara wa masu bindiga jaka a gidan rediyo? Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma ban raina shi ba. Amsata ita ce, mafarauta suna nan ko mun yi zancensu ko ba mu yi ba, kuma a ƙauyuka da yawa su ne 'yan sintirin da ke kwana a bakin gari. Shirunmu ba zai rage bindiga ko ɗaya ba, sai dai ya bar masu ita ba tsari. Kuma akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a aljihun sama na kowace jaka, a naɗe cikin leda, wanda shi ne ke raba maharbi da ɗan ta'adda a idon hukuma, wato takarda. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, akwai waɗanda lasisinsu ke hannun sufeto janar na 'yan sanda, sannan akwai masu ɗuri ta baki irin tamu ta toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Maharbin da ke tafe da lasisinsa, da katin shaidar ɗan ƙasa, da katin ƙungiyarsa, da lambar wayar shugabansa a rubuce a takarda, ya sauƙaƙa wa jami'in kirki aiki. Dukanmu muna tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida Kano yin sallah, aka kashe goma sha shida. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, kuma ba na cewa wata takarda za ta iya tsayar da taron da ya riga ya haukace. Amma a mafi yawan shingayen da maharbi zai wuce a rayuwarsa, ba taro zai tarar ba, mutum ɗaya ne mai tambaya, kuma yadda aka amsa tambayar farko shi ke yanke ko za a yi ta biyu. Bindiga a sauke ba ɗuri, a naɗe, albarushi a wani wuri dabam, takarda ta fito cikin sakan biyar: wannan ma magana ce, kuma ana jin ta.

Ƙorafi na biyu daga cikin gida zai fito, kuma ya fi na farko wuyar amsawa. Maharbi zai ce, jakata sirrina ce. Abin da ubana ya ba ni yana ciki, abin da na sha wuya na nema yana ciki, wa ya isa ya buɗe? Kuma iyayenmu sun yi farauta shekara da shekaru ba wanda ya duba musu burgami. To, batun iyaye, a tuna cewa su a hannun manya suka tashi. Yaro yakan yi shekaru yana riƙe kare yana ɗaukar kaya kafin a bar shi ya taɓa kunama, kuma a cikin ɗaukar kayan nan yake koyon inda kowane abu yake zama. An duba musu burgami, sai dai ba a kira shi dubawa ba. Yanzu kuwa saurayi yana iya sayar da buhun masara biyu ya mallaki bindiga, mako na zagayowa ya hau mota tare da mutum hamsin da rabinsu bai san sunansu ba. Tarbiyyar da ke tafiya daga uba zuwa ɗa ta yi rauni, dole wani abu ya tsaya a gurbinta. Batun sirri kuma, ba wanda ya ce a kwance laya ko a buɗe ƙullin magani. Wannan tsakanin mutum ne da abin da ya yarda da shi, malamai kuma suna da nasu bayanin a kai. A ware masa aljihunsa, a bar shi a rufe. Abin da za a duba shi ne abin da in ya ɓaci zai taɓa na kusa da kai. Albarushin da ke jakarka a cikin mota ba sirrinka ba ne kai kaɗai, domin in ya tashi, da kai da wanda ke zaune a gefenka zai tashi.

Akwai kuma mai cewa zanen aro ba ya rufe katara, ina mu ina gasar harbi, wasan masu kuɗi ne. Gaskiya ne cewa bindigar waccan gasa da madubinta sun fi ƙarfin aljihun manomi, kuma irinta ma doka ba ta sakar wa kowa ba a ƙasar nan. Ba ita nake kira a aro ba. Amma gasar saiti ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Zariya, ga barikin soja na Jaji a kan hanyar Kaduna, kuma rundunar soja tana da gasarta ta harbi da ƙananan makamai, wadda a 2017 ta kai ta har cikin dajin Sambisa. A Olamfik akwai gasar bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi ko kaɗan. Nisanta mita goma ne kacal, kuma ɗigon tsakiya da ake nema faɗinsa rabin milimita ne. Ana yin ta a cikin ɗaki. Ga kuma baka da kibiya, wanda namu ne tun fil azal. Dajin da ake farauta a cikinsa yana ƙarewa, gona ta cinye shi, dajin Falgore da ke maƙwabtaka da mu kuwa gandun da aka keɓe ne, ba wurin farauta ba. Ayarin mutum hamsin yakan wuni ya dawo da zomo uku da gafiya, bayan an cinna wa daji wuta an ƙone ciyawar da makiyayi ke jira, wani lokaci har da faɗa tsakanin ƙauye da ƙauye a kan wanda karensa ya fara kamawa. Wannan jarumtaka da wannan kaifin ido suna neman wani fili, kuma ina ganin fili mai alƙali da layin tsayawa, da izinin 'yan sanda da albarkar hakimi, zai fi daji amfani gare su. Sai dai babu jami'in da zai sa hannu a ba da irin wannan fili ga mutanen da ba su nuna suna iya riƙe ƙa'ida ba, kuma ƙa'idar da ta fi sauƙin nunawa, wadda ba ta jiran kasafin kuɗin kowa, ita ce ta jaka.

Yadda za a yi ba shi da wuya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shiri na daren jajibiri ne: a zazzage jakar gaba ɗaya a kan tabarma, a kakkaɓe ta, a mayar da kowane abu gurbinsa, abin da aka fita da shi sau uku ba a taɓa shi ba a bar shi a gida, in ban da bandeji. Da asuba kuma, a inda ake taruwa, kafin makaɗi ya fara kuma kafin a yi addu'ar fita, sarkin baka ko wanda ya wakilta ya tsaya a bakin mota tare da dattijo ɗaya. Kowa ya zo ya nuna abu biyar: bindiga ba ɗuri, albarushi a batta mai murfi nesa da ashana da batir, ruwa, abin ɗaure rauni, da takarda. Mutum hamsin ba za su ci rabin sa'a ba. Wanda ya cika ya hau. Wanda bai cika ba, in abin da za a iya gyarawa ne nan take a gyara masa, in ba haka ba ya jira fita ta gaba, ko ɗan wane ne, kuma dattijon da ke duba na wasu shi ne zai fara buɗe tasa.